Fil ɗaya ya tsayar min da keke kwana uku

Saura kwana shida kamu aka sauke min ankon ƙawayen amarya, mutum goma sha ɗaya, atamfa mai manyan zobba irin wadda in zanen gaba bai haɗu da na baya a gefen siket ba tun daga bakin get za a hango, kuma duk mai ɗinkin mata ta san halin ƙawayen amarya, kowacce ta zo da hoton da ta ciro a Instagram kuma kowacce so take nata yafi na 'yar uwarta zama a jiki. Na karɓa dai don uwar amaryar tsohuwar kwastoma ce, ba yadda zan yi in kalli idonta in ce a'a.

Shagon nawa ba wani babba bane. Kekuna huɗu ne, baƙi na ƙafa guda biyu, indostiriyal (babban keke mai moto) ɗaya, sai wibin mai gyara gefen yadi, da yara mata uku masu koyo. Babbar cikinsu ita abun ya faru da ita, shekararta biyu a wajena kuma wallahi hannunta yafi na wasu da suka riga suka buɗe shago, in ta saka miki zif sai kin laluba kafin ki ga inda ya shiga. Duk zamanta a kan baƙin keke take, sati uku kenan da na fara barinta ta hau indostiriyal. Ku riƙe maganar sati ukun nan don a nan gizo ke saƙar.

Kafin in yi nisa gara in faɗi nawa laifin. Ni na koya mata hawa kan fil. Nima haka goggona ta koya min a kan kekenta Butterfly a tsakar gida, tace ki jera fil ɗinki a gicciye kansa yana kallon waje, ki taka a hankali keke zai haye abunsa, haka kuwa na ringa yi shekara da shekaru, allura takan karye min jifa-jifa sai in ce ai allurar yanzu ce ba ƙarko, ko naji ta daki fil ɗin ma sai in ce tsautsayi ne, in zare guntun in sa wata in ci gaba. Abun da ka taso ka ga babba yana yi ba ka cika tambayar dalilinsa ba.

Ranar tun safe ba wuta muna ta fama da baƙaƙen kekunan, wajen sha ɗaya aka kawo, kun san yadda shago yake komawa in aka kawo wuta ana tsaka da aikin biki, kowa rige-rige, ɗaya ta jona dutsen guga ɗaya ta nufi wibin, ita kuma ta kwashi siket huɗu da ta riga ta gama kamawa da fil ta hau indostiriyal. Fil ɗin irin ofis fin ɗin nan ne mai kauri na ƙaramin kwali, kuma saboda zobban atamfar ta jera su kusa-kusa, tsakanin wannan da wancan bai fi faɗin yatsa uku ba. Siket na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Ina teburin yanka na ba ta baya sai naji ƙas, ƙarar da duk tela ya sani, amma ta ranar tafi ƙarfi, keken ya yi wani gurnani, sai naji tace wayyo Anti idona.

Na juyo na ganta ta dafe idon hagu hawaye yana bin tsakanin yatsunta. Dama ɗabi'arta ce in tana son zane ya haɗu sai ta sunkuya fuskarta ta kusa taɓa keken, na sha yi mata magana saboda bayanta, ban taɓa tunanin ido ba. Nan fa shago ya cika da likitoci. Mai saida lemo ta kusa da mu tace a buɗe a hura mata, ƙaramar yarinyata ta ruga ta ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika da muke tsintar fil da shi wai a kara a idon ya janyo, ni kaina na riga na murɗa bakin mayafina zan lakato mata. Allah ya taimake mu akwai wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga aikin dare tana gida, ihun ya fito da ita, ta riƙe min hannu tace Hajiya kar ki taɓa, in hakin ƙura ne ana wankewa, amma ƙarfen da ya taso da gudu ba wanda ya san iya inda ya nutse, in kika murza ko kika danna kina iya ƙarasa tura shi ciki. Ta yanke gindin kofin roba ta kifa a kan idon yadda ba abun da zai taɓa shi, ta manne da filasta, tace kar ta ci komai kar ta sha tukunna ko da za a ce sai an shiga tiyata, mu tafi asibitin ido yanzu, kar mu tsaya kemis.

A cikin adaidaita na kira Ummanta. Cikin duk abun da ya faru wannan wayar ce tafi min nauyi, an ba ka amanar 'ya da ido biyu lafiya lau.

Kafin layi ya zo kanmu an kusa la'asar. Likita ta ɗiga mata maganin kashe zafi, ta sa wani rini ruwan lemo, ta ɗora mata haɓa a kan na'urar nan mai fitila kamar madubin likita ta haska da shuɗiyar wuta, sai ta kira ni tace zo ki gani. Ɗan baƙin ɗigo ne, bai kai ƙwayar gero ba, ko rabinta bai kai ba, ya lafe a jikin fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, can wajen gefe, kuma har ya fara yin wani zobe ja-ja a kewayensa. Tace tsatsa ce wannan, ƙarfe in ya samu danshin ido cikin 'yan awanni yake fara ta, shi yasa ba a kwana da shi. Da bakin wata siririyar allura ta ɗago shi (allura ta saka, allura ta cire, ni dai na kau da kai), ta kankare tsatsar, aka yi hoto don a tabbatar ba wani guntu da ya wuce ciki, ta rubuta maganin shafawa tace mu dawo bayan kwana biyu. Da muka tambaya tace sa'ar da aka yi abu biyu ne, bai huda ya shiga ba, kuma ba a tsakiya ya sauka ba inda tabo zai tare gani. Wanda ya shige cikin ƙwayar ido sai tiyata, in aka bar shi kuma ƙarfen yana narkewa a hankali yana lalata idon ko da mutum ya daina jin zafi. Ta ƙara da cewa duk wanda ake zargin ƙarfe a idonsa ba a saka shi a na'urar MRI, don ita maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, abun da ya sa na tuna da maganaɗisun sifikarmu na ji kunya ni kaɗai.

Da daddare na koma shago ni ɗaya na kunna fitilar waya na duba ɓarnar. Gindin allurar yana nan a maƙale inda sukuru ya riƙe shi. Tsakiyarta na same ta a cikin ninkin atamfar. Bakin kuwa sai da na kwance farantin allura, wato ƙarfen da allura take nutsewa ta raminsa, na zura maganaɗisu sannan ya fito tare da tarin auduga. Na jera ukun a kan farar takarda suka haɗu, saura ɗan ɓalli a daidai kafar zare, wato wanda likita ta ciro. Fil ɗin da ya jawo komai bai karye ba shi, lanƙwasewa ya yi kamar ƙugiya, allura ta danna tsakiyarsa cikin ramin faranti ya tafi da atamfar, ya bar yaga kamar faɗin farce a daidai layin ɗinki. Daga baya na gane dalili, ita allurar keke ƙarfenta an gasa shi ya yi tauri sosai don kar bakin ya dakushe da wuri, abu mai tauri irin haka kuma baya lanƙwasa da yawa sai dai ya tarwatse, shi kuwa fil ƙarfensa da laushi.

Yagar dai na ci ta da alawans, rarar yadin da ake bari a bayan ɗinki, na matsar da ɗinkin ciki kaɗan, siket ɗin ya ɗan matse, na kira mai shi na faɗa mata gaskiya, tace dama so take ya kama ta. Wannan ya zo da sauƙi. Keken ne ya ƙi.

Na sa sabuwar allura, sai jampin, ya yi ɗinki biyar ya tsallake biyu, in na ɗan ƙara gudu zaren sama ya tsattsage ya tsinke tun ban yi taƙi ɗaya ba. Na sake allura, na canza zare, na kwance tenshon mai matse zare na ɗaure, na wanke gidan bobin na sa mai, duk a banza. Ga siket bakwai da riguna sha ɗaya suna kallona, ga babbar yarinyata tana gida da bandeji. Na kira mai gyaranmu yace Hajiya sai dai jibi, layi ne a gabansa. Haka muka koma kan baƙaƙen kekuna biyu har ƙarfe ɗayan dare, ƙafata sai da ta kumbura.

Da ya zo bai ma tambayi me ya faru ba, ya kwantar da kan keken baya ya juya wili da hannu sau biyu yace fil aka hau ko? Nace Malam ya aka yi ka sani, yace kawo farcenki. Ya ɗora min farce a kan bakin huk, wato ɗan tsinin nan da yake zagayowa ya ɗauki zaren sama ya kewaya da shi bobin, sai naji kaushi, bakin da ya kamata ya zama sumul da tsini ya dakushe har da ɗan ƙaya a gefe. Ya nuna min ramin faranti ma, ya ɓalle a gefe ɗaya, duk zaren da ya wuce sai ya karce shi. Sannan taimin, wato daidaiton lokacin haɗuwar huk da allura, ya goce.

Bayaninsa shi ne abun da yafi tsaya min a rai, bari in faɗa yadda na fahimta. Allura in ta nutse ƙasa ta fara tasowa, zaren yana yin ɗan lanƙwasa a jikinta, a daidai wannan ƙiftawar bakin huk yake zuwa ya wuce ta wani ɗan kwarmi da aka fafe a jikin allurar ya sari zaren. Tazarar da ke tsakanin bakin huk da allura ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin silin gashi kenan, kuma a indostiriyal huk ɗin sau biyu yake zagayawa a kowane ɗinki ɗaya. To in allura ta goga a jikin fil ta karkace ko da kaɗan ne, ba sai ta karye ba, ko dai ta yi nesa da huk ya wuce bai sami zare ba, shi ne jampin, ko ta shiga hanyarsa su yi karo. Irin su Juki DDL-8700 da suka cika shaguna an rubuta suna iya ɗinki 5,500 a minti ɗaya, ko a ce 5,000 ma, ku raba da sittin, sama da sau 80 allura take sauka a daƙiƙa ɗaya. Baƙin keke na ƙafa kuwa 'yan ɗaruruwa ne a minti, kuma bel ɗinsa na fata ne, in allura ta ci karo da abu mai tauri sau da yawa bel ɗin zamewa yake yi ko ƙafarki ta ji nauyi ki tsaya. Moton indostiriyal ba ruwansa, ko me ya tarar sai ya danna.

Nace to Malam ai ni shekara nawa ina hawa a baƙin keke ba abun da ya faru. Sai ya yi dariya ya tashi ya je wajen tsohon kekena, wanda na fara sana'a da shi, ya ɗaga fut ɗin, ƙarfen da yake danne yadi, ya haska faranti da fitilar wayarsa. Wallahi kewayen ramin nan kamar fuskar wanda ya yi agana, ɗigo-ɗigo ɗigo-ɗigo, wasu tsofaffi sun yi baƙi wasu sababbi suna ƙyalli. Yace kowane ɗaya allura ce ta kauce ta sari ƙarfe. Keken nan kusan shekara uku ina ƙorafin yana tsinka zare in ana ɗinkin shifon ko lainin mai santsi, na zagi masu saida zare, na canza shago sau biyu, ashe ramin farantin ne ya zama zarto, kuma ni na mayar da shi haka da hannuna.

Ya goge ramin farantin indostiriyal da siririyar takardar gugar ƙarfe, huk kuwa yace ba zai gyaru ba sai sabo, yaron sa ya hau mashin ya sayo a Sabon Gari, aka ɗaura aka saita taimin. Kuɗin huk da na aiki da na asibiti da na adaidaita in aka haɗa sun cinye ribar ankon kaf har na ciko daga aljihu.

Bayan biki ya wuce hankali ya kwanta na zauna na yi wani ɗan lissafi da takardar awo. Tsawon ɗinkin da muke sawa a atamfa wajen milimita biyu da rabi ne. Kaurin fil irin namu ya ɗan haura rabin milimita. Allura lamba 16 da muke amfani da ita kaurinta milimita ɗaya ne cif, lamba 14 kuma ta gaza da kaɗan. Kenan ko da bakin allurar kawai aka duba, duk fil huɗu da kika haye kusan ɗaya sai bakin ya sauka a jikinsa. Abun da yake rufa mana asiri shi ne fil zagayayye ne kuma yana motsi a cikin yadi, yawanci allura zamewa take yi ta gefensa, shi ne ɗan tik ɗin nan da muke ji mu share. Sai ranar da ta sauka a tsakiyar bayansa daidai, kuma fut ya danne shi a kan haƙoran keke ba inda zai gudu. Siket ɗaya mai fil ashirin, ku lissafa sau nawa ake buga wannan cacar, yarinyar nan kuma siket huɗu ta ɗauko.

Amma fa ba kowa ya yarda da ni ba. Akwai wata babbar tela a layinmu, ta girme ni a shekaru da sana'a, Yaya nake ce mata, da ta zo yi wa yarinyar sannu na ba ta labari tace ke dai yarinyarki gudu ta yi, ni sama da shekara ashirin ina hawa kan fil ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Na je shagonta na zauna na kalli yadda take yi don in yi mata adalci, kuma gaskiya nata daban ne. Fil ɗinta siriri ne sosai mai kan ƙwallo, ba ta jera shi da yawa, bakin kawai take bari ya ɗan ƙetare layin ɗinki, in ta zo kansa ƙafarta tana sassautawa har kina iya ƙirga saukar allurar, ga tabarau a idonta dama saboda shekaru. Kuma maganarta tana da asali, tsofaffin littattafan da suke zuwa da keken Singer na gida sun nuna a jera fil a gicciye, fut ɗin ma an yi shi da ɗan gaɓa yana ɗagawa don ya haye kauri, shi kuma baƙin Butterfly ɗin nan na Chana da ya cika gidajenmu tsarin tsohon Singer samfurin 15 ne aka bi. Wato dabarar an gina ta ne a kan keke mai tafiyar hawainiya da mace mai ɗinka rigar 'ya'yanta ba mai jiranta a bakin ƙofa. Mu muka ɗauko ta muka ɗora a kan injin masana'anta ranar da aka kawo wuta ana saura kwana kaɗan biki. Nace Yaya bari in ga farantinki, tace ke raba ni da fitina, ta rufe keken da zani. Ban matsa ba.

Telolin maza na gaba da mu masu kaftani da jamfa su abun ma dariya ya ba su, su ba sa taɓa fil sam, shadda da yadin maza in an goge an karya da dutsen guga zama suke yi, yatsa biyu sun isa. Mu masu leshi da shifon da santsin lainin da haɗa zanen atamfa da saka hannu mai tattara mu ne fil ya zame wa dole, don haka maganar a daina amfani da shi gaba ɗaya ba ta taso ba.

Ni dai ga inda na tsaya. A wibin ba a ma maganar, fil baya zuwa kusa da shi, saboda akwai wuƙaƙe biyu da suke yanke gefen yadi, in fil ya shiga tsakaninsu ko ya ɓalle bakin wuƙar ko su datse shi guntun ya yi sama. A indostiriyal ma na hana, ba sassauci. A baƙin keke nasan mutum zai iya yi ya daɗe yana tsira, amma bayan na ga farantina ban ga ribar ba, na hana a can ma, musamman da yake duk abun da yarinya ta saba a baƙin keke da shi hannunta zai tafi ranar da ta hau babba, ba za ta tsaya tunani ba. Fil ɗin da aka soka a tsaye yana bin layin ɗinki kuwa dama ko Yaya ba ta hawa kansa.

Yanzu kan fil yana kallon dama yadda hannu zai kai gare shi ba tare da an saki yadi ba, in ya rage kamar faɗin yatsa ya shiga ƙarƙashin fut a sassauta a zare a jefa kan maganaɗisun sifikar, wanda na sa a cikin murfin gwangwani na ajiye gefen keke, ya samu aikin da ya dace da shi. Ba a baki ba, wannan ma sai da muka yi faɗa, yara sun saba su cika leɓe da fil suna magana, kuma sananne ne a asibitoci ana kawo 'yan mata da suka shaƙe fil ɗin ɗaura mayafi ya wuce huhu saboda an ba su dariya yana baki. Inda ake tsoron zane ya goce in an zare fil da wuri, kamar mahaɗar zobban nan ko inda ɗinki huɗu suka haɗu a hammata, sai a ɗauke ƙafa daga feda a juya wili da hannu har allura ta nutse dab da fil ɗin ta riƙe yadin, sannan a zare shi. Leshi mai duwatsu da shifon kuwa na koma yadda tsofaffi suke yi, a kama da allurar hannu da zare mai wani launi, manyan taku, a ɗinke a zare. Ko a soka fil ɗin can ciki nesa da layi yadda allura ba za ta same shi ba sam, wannan yana yi a dogon ɗinki miƙaƙƙe.

Yaran sun ce zai ci lokaci. Na sa agogon waya muka gwada da siket biyu iri ɗaya a baƙin keke, bambancin bai kai minti biyu ba.

Wani abu kuma da na ɗauka daga bakin mai gyara, yace a manyan kamfanonin ɗinki na ƙasashen waje in allura ta karye ba a ba ma'aikaci sabuwa sai ya kawo gutsattsarin duka an manna a takarda an ga sun cika, kayan yara ma sai an bi da su ta na'urar gano ƙarfe kafin a saka a kwali. Mu ba mu da na'ura, amma farar takarda da maganaɗisu muna da su, kuma na tuna tsakiyar allurar nan a cikin ninkin siket na same ta, da ban nema ba da a jikin ƙawar amarya za ta je wajen kamu. Allurar da ta daki wani abu ko ba ta karye ba yanzu cire ta muke yi, a kwantar da ita a kan gilashin waya a mirgina, in bakin yana rawa ta tafi kwalbar da muke tara matattu. Ta baƙin keke mai gindi shafaffe a gefe ɗaya ba ta mirginuwa, ita sai dai a kwantar da shafaffen gefen a duba ko tazarar ta tafi daidai har baki.

Yarinyar ta dawo bayan sati ɗaya, idon ya warke, likita tace ɗan tabon da ya rage yana gefe ba zai taɓa ganinta ba. Ummanta da kanta ta rako ta, ban san inda zan sa fuskata ba, ita kuwa sai cewa take Anti ai tsautsayi baya wuce ranarsa. Na saya mata farin tabarau na roba irin na masu walda in suna gugar ƙarfe, kwana biyu ta sa ta ajiye wai yana mata gumi, sauran ma suna tsokanarta. Indostiriyal kuwa sai da ta yi kusan wata tana kewaye shi, ko mai aka ce ta sa masa sai ta tura ƙaramar.

Ranar Talatar da ta wuce ina sauri zan haɗa gefen wata doguwar riga mai ita tana zaune a benci tana jijjiga ƙafa, na hau baƙin keke ina taka feda ina ba ta haƙuri, hankalina yana kan bakina, sai naji daga bayana ance Anti, fil. Na duba, ya riga ya shiga ƙarƙashin fut. Na juya wili baya kaɗan na ɗaga fut ɗin na zare shi na miƙa mata, ta jefa a murfin gwangwani ta koma kan gugarta.